Wurin da Ruwa Ya Kwanta

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa mutumin Dogo da zancen teku, alhali tsakaninmu da gaɓarta akwai kusan kilomita 1000, kuma babban ruwan da yawancinmu suka taɓa gani shi ne Korama idan ta kawo da damina. Abin da ya haɗa mu da ita shi ne ƴaƴanmu. Da wuya a sami unguwa a ƙasar nan wadda ba ta da saurayi a Kurmi: wani a Legas, wani a Kwatano ko Lome, wani a Abijan, suna sayar da shayi, suna gadi, suna dakon kaya a kasuwa. Ran Lahadi idan aiki ya tsaya sukan tafi bakin teku, su ɗauki hoto da salula su aiko gida, ruwa ya kawo musu ƙirji, kumfa fari fat a bayansu. Wata rana bayan La'asar wani dattijo ya nuna mana irin wannan hoton na ɗansa, ya ce: "Allah gafarta Malam, wannan akwai laifi a ciki?" Muka ce masa amsar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, ya yi mana haƙuri. To ga ta nan, gwargwadon abin da muka gani da abin da muka karanta.

A watan Yuli na 2022, shekara guda kafin a rufe iyakar Gaya, mun raka wani ɗan'uwa zuwa Kwatano a kan sha'anin mota. Muka bi ta Maraɗi da Ƙonni da Doso, muka haye gadar Kwara, muka gangara ta Paraku, tafiyar fiye da kilomita 1500, muka sauka a unguwar Zango. Yaranmu da ke can suka ce ba za mu koma Damagaram ba tare da mun ga teku ba, suka kai mu gaɓar da ake kira Fijirose, inda hanyar masunta ta kama ta nufi Wida.

Kafin ido ya gan ta kunne ya riga ya ji ta, kamar tsawa ta nesa wadda ba ta yankewa. Da muka ratsa itatuwan kwakwa sai ga rairayi ya gangara zuwa ruwa kamar bayan tudu, ruwan kuma ya miƙe har inda ya haɗu da sama. Raƙuman ruwa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya miƙe ya fi tsayin mutum, ya lanƙwasa kansa, ya faɗi da ƙarar da ake ji a ƙirji, sannan ya ja da baya yana kwasar rairayi. Mu mutanen ƙasar da mata ke kwana a layin famfo, ƙasar da ƙarancin ruwanta yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke fadar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, muka tsaya shiru gaban ruwan da bai da iyaka kuma ba mai iya shan kofi guda daga cikinsa.

Abin da ya fara rikita mu shi ne sama garau take, ba hadari, iska ma ba ta da ƙarfi. A gida mun saba haɗarin ruwa yana zuwa da sanarwa: gabas ta yi baƙi, iska ta taso, a yi ruwa, Korama ta kawo. A can kuwa waɗannan raƙuman ana haifarsu ne a wuri mai nisan dubban kilomita, a kudancin tekun Atalantika, inda guguwa ke kaɗawa lokacin hunturun waccan nahiya, wanda ya yi daidai da daminarmu. Suna tafiya kwana da kwanaki ba tsibirin da ya tare su, sai su zo su sauke dukkan ƙarfinsu a kan wannan gaɓa mai gangare. Wanda ya ɗaga kai ya dubi sama don ya san halin ruwan, ya karanta littafin da ba shi ne ake tambaya a kai ba.

A cikinmu akwai wani saurayi ɗan wani ƙauye na bakin Korama, wanda tun yana ƙarami shi ake kira idan akuya ko yaro ya faɗa tafki. Muna so a lura da shi da kyau, don ba wawa ba ne kuma bai yi gaggawa ba. Ya tsaya ya daɗe yana duban ruwan. Ya ga dama da hagu raƙuma suna karyewa da hauka, a tsakiya kuma akwai wani ɗan tsiri, faɗinsa bai fi taku ashirin ko talatin ba, inda ruwan ya yi duhu ya kwanta, kumfa kaɗan, raƙuma ba su karyewa sosai. Ya ce: "Malam, ga wurin shiga nan." Ya tuɓe riga ya nufi wurin.

Wani tsoho masunci da ke ɗinkin taru a gindin kwakwa ya daka tsawa da harshensu, ya taso da gudun da ba mu zaci shekarunsa za su yarda ba, ya riƙe hannun yaron. Bai tsaya dogon bayani ba. Ya ɗauki ɓawon kwakwa ya jefa a daidai wurin nan da ya kwanta. Muna kallo ɓawon ya miƙe ya nufi tsakiyar teku kamar an ɗaura masa igiya ana ja, kafin mu gama mamaki ya wuce bayan inda raƙuma ke karyewa, ya zama ɗigo.

Ga yadda abin yake. Raƙuman ruwa suna tura ruwa mai yawa zuwa gaɓa, ya haye tudun rairayin da ke ɓoye a ƙarƙashi, ya taru. Ruwan nan dole ya koma inda ya fito, sai ya nemi inda tudun ya tsage ya bi ta nan da ƙarfi, kamar yadda ruwan gona ke samun ɓaraka a kunya ya kwarara ta wuri guda. Da yake wurin ya fi zurfi, raƙuma ba su karyewa a kansa, shi ya sa ido ke ganinsa a kwance. Gudunsa yakan kai mita 2 a sakan guda, har ya zarce, abin da gwanin ninkaya na duniya ba ya iya tsere masa. Ba ya danna mutum ƙasa, janye shi yake yi daga gaɓa. Abin da ke kashewa shi ne mutum ya firgita ya juyo yana kokawa da ruwan kai tsaye don ya koma tudu, har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya sani yakan kwantar da jiki ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu neman taimako, ko ya yi iyo a karkace, gefe, har ya fita daga tsirin, sannan ya juyo.

To a nan ne mas'alar ta fara yi mana nauyi. Yaron nan ya aikata duk abin da muke horon yara da shi: ya duba kafin ya shiga, ya guji inda ke hauka, ya zaɓi inda ke kwance. Da a tafkin gida ne da ya yi daidai. Saninsa na tafki shi ne ya kama hannunsa ya kai shi bakin halaka. Mu da ba mu iya ruwa ba ko kaɗan, tsoro ya tsare mu a tudu. Malaman da suka karantar da mu sun raba jahilci kashi biyu: na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, da na wanda bai sani ba yana tsammanin ya sani, wanda suke kira jahilci mai ninki. Mun daɗe muna ɗaukar na biyun a matsayin ciwon masu girman kai. A bakin teku muka gane yana iya kama mutum mai ladabi da hankali, idan ya ɗauki sanin wani wuri ya kai wani wuri bai tambayi mutanen wurin ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma wanda ya fi kowa wahalar yarda da haka shi ne wanda idonsa ke gani sosai a garinsu.

Kada ma wani ya ji kunyar wannan makanta. Mutanen Dahomai na da, waɗanda Wida ke hannunsu, su kansu ba su saba ratsa waɗannan raƙuma ba. Jiragen Turawa na zamanin cinikin bayi sukan tsaya can nesa bayan inda ruwa ke karyewa, kuma matuƙan kwale-kwalen da ke kai kaya da mutane tsakanin jirgi da tudu ɗauko su ake yi daga gaɓar da ake kira Gana a yau. Wahalar wannan ruwa ce ta sa Faransawa suka gina doguwar gadar ƙarfe cikin teku a Kwatano a shekarun 1890, kafin a buɗe tashar jirage ta sosai a 1965. Ruwan da ya sa masarauta da ƴan mulkin mallaka suka nemi gwanaye da ƙarfe, shi ne ɗanmu ke shiga da gajeren wando don hoto.

Amma tambayar dattijon nan ba a kan baƙo kaɗai ta tsaya ba, don haka bari mu faɗaɗa ta. Mutum uku ne ke shiga wannan ruwa. Akwai masunci, wanda ke tura kwale-kwale da asuba, yana ƙirga raƙuma har ya ga tazara sannan ya ratsa, don abincin iyalinsa. Akwai baƙo irin namu. Akwai kuma na uku, wanda ɗaya daga cikin yaran, da ya taɓa zama a Legas, ya nuna mana a salularsa: samarin gaɓar Tarkwa, masu kwanciya a kan allo su yi iyo zuwa bayan raƙuma, idan babba ya taso su miƙe tsaye a kan allon su hau shi har gaɓa, ba don kifi ba, don daɗin abin kawai.

Ba za mu ɓoye ba, farkon ganinmu mun yanke wa na ukun hukunci da sauri. Muka ce masunci larura ta kai shi, baƙo jahilci ya kai shi, wannan kuwa yana sane yake wasa da ransa, shi ya fi laifi. Muka ƙara da cewa ai kwaikwayon Turawa ne. Daga baya muka janye maganar biyu. Ta kwaikwayo ba ta tsaya ba, don tun a shekarun 1830 wani Bature matafiyi ya rubuta cewa ya ga yaran Akra suna hawan raƙuman ruwa da ƴan alluna, tun kafin wasan ya zama abin gasa har ya shiga wasannin Olamfik a 2021. Ta wasa da rai kuma, da muka tuna mu mutanen Damagaram ne sai bakinmu ya yi nauyi. Mu ne masu hawan ƙaho, inda ɗan mahauta ke tarar bijimi ya faɗa tsakanin ƙahoninsa jama'a na guɗa. Mu ne masu sukuwa ranar hawan salla, doki na gudu kamar zai shiga taro mahayi ya ja linzami a taku na ƙarshe. Ba mu taɓa jin wanda ya ce mahayin nan yana neman kashe kansa ba, domin kowa ya san ya tashi a kan doki tun yana yaro. Wani abin ma da ya fi ba mu mamaki, tsirin nan da ke janye baƙo, masu allo da gangan suke shigarsa, ya kai su bayan raƙuma ba tare da sun gaji ba. Sun mayar da shi hanya.

Saboda haka ma'aunin ba ya tsayawa a kan ko mutum ya shiga don buƙata ko don wasa. Masuncin da ya ga teku ta yi haukan da ya wuce saninsa ya tura kwale-kwale da yara ƴan aiki a ciki don kwaɗayin kifi, ya yi ganganci ko da sunan neman halali ne. Mai allon da ya san ruwansa, ya san ranar da zai zauna a tudu, yana cikin abin da aka halatta na motsa jiki matuƙar bai tozarta salla ko sutura ba. Malamanmu na Malikiyya haka suka auna tafiyar teku ko don aikin Hajji: hukuncinta ɗaya da tafiyar tudu, sai fa idan halaka ce ta fi rinjaye. Kuma rinjayen halaka ba ɗaya ba ne ga kowa a ruwa guda da rana guda. An ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya hau teku lokacin da take hauka, aka haɗa shi da wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katanga. Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai rundunar Musulmi ta teku. Sayyidina Usman ya yarda daga baya, aka tafi Ƙubrus a shekara ta 28 bayan Hijira, bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa. Ba ɗayansu da ya rasa tawakkali.

Mun ambaci tawakkali ne don yaron nan, bayan jikinsa ya daina rawa, kunya ta sa ya ce: "Ai Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru." Maganar gaskiya ce aka ajiye ta a inda ba wurinta ba. Ana faɗinta don a sanyaya zuciyar wanda abu ya riga ya same shi, ba don a buɗe wa mai shirin faɗawa ƙofa ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya kawo misalin makiyayi da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma ba mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Wani kuma zai ce ai wanda ruwa ya ci yana cikin masu shahada. Haka ne, ya tabbata, kuma muna fata ga duk wanda ya rasu haka. Sai dai wannan rahama ce ga wanda musiba ta afka wa, kuma ba mu taɓa jin malamin da ya ce a je a zauna ƙarƙashin katangar da ta tsage don wanda gini ya danne ma yana cikinsu ba.

Akwai wani gefen da mu kanmu ba mu hango ba sai da tsohon masuncin ya nuna mana. Wani mutumin Zango ya yi mana tafinta, muka ce: "Baba, mun gode, amma me ya sa ka fusata haka da yaron da ba naka ba?" Ya nuna wasu samari biyu da ke jan igiyar taru. Ya ce duk ranar da baƙo ya shiga nan ya fara ɗaga hannu, ba mai iya zama ya kalla, waɗannan ne za su shiga bayansa, kuma mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa ya hau kansa. Ya ce shi baƙon bai tambaye su ba kafin ya shiga, amma da ransu ya shiga.

Mun daɗe muna juya wannan magana. Saurayi yana cewa raina ne, jikina ne. Ko mun ajiye batun cewa rai amana ne a hannunsa, lissafin nasa bai cika ba, don ya sa ran ɗan masunci a cikin caca ba da izininsa ba. Sannan a dubi gida. Wanda ya tafi Kurmi galibi shi ne ke aiko kuɗin hatsi idan rumbu ya ƙare kafin kaka. Teku kuma ba kullum take mayar da gawa ba. Idan ba a gan shi ba kuma ba shaidun da suka tabbatar, matarsa ta shiga hukuncin matar wanda ya ɓace, wanda asalinsa a mazhabarmu jiran shekara huɗu ne daga ranar da ta kai ƙara, sannan takaba; gado ya tsaya; uwa ta rasa kabarin da za ta ce ga ɗanta nan. Mun zauna da iyalan da ɓacewar mutum ta sa su cikin irin wannan hali, ta wasu hanyoyin, kuma mun ga ya fi zaman makoki ciwo, don shi makoki yana da ranar tashi.

Duk da haka, kada a ɗauka muna cewa a hana su zuwa bakin teku. Wanda Allah Ya kai shi kusa da ita bai je ya gani ba ya yi hasara, mu kanmu ayoyin da muka haddace tun muna yara a kan duhun ruwa da raƙumansa ba mu ji nauyinsu ba sai a ranar. Kuma laifi yana wuyanmu mu manya fiye da yadda muke so mu yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne kan gaba. Da yawa daga cikin waɗannan ba teku ce ta ci su ba. Kowace damina muna sallatar yaran da suka nutse a tafki da kududdufin da aka haƙa don tubali, nan bayan gari. Abin da muka iya shi ne tsawa da bulala: kada ka je. Yaro kuwa zai je, sai dai ya je a ɓoye, ba babba kusa, ba wanda ya koya masa yadda ake kwanciya a kan ruwa. An ruwaito Sayyidina Umar yana umartar a koya wa yara iyo. Muna da masunta da gwanayen ruwa a bakin Korama waɗanda za su iya wannan aiki a wuri marar zurfi da idon iyaye, ba mu taɓa roƙonsu ba. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, mu kuwa mun hana su koyon shiga da fita gaba ɗaya, sannan mun tura su ƙasashen da ruwa ya kewaye.

Ga dattijon da ya yi tambaya, amsarmu ita ce: hoton ba laifi, tsayuwa a gaɓa ba laifi. Ka kira ɗanka ka tambaye shi abu ɗaya, ko kafin ya shiga ya tambayi masuntan wurin, kuma ko ya san cewa inda ruwan ya kwanta nan ne ba a shiga. Idan ya yi dariya ya ce ai ya iya ruwa tun a gida, to ka ƙara tsananta masa, shi ne wanda ya fi buƙatar jin maganar.

Yaron namu dai bai shiga ba a ranar. Tsohon ya kai shi wani wuri can gefe ya ce ya tsaya iyakar idon sawu. Ya tsaya, raƙumi ya zo ya koma, rairayin da ke ƙarƙashin dugadugansa ya zare har ya yi tangaɗi, ya kama hannun tsohon da hannu biyu, sauran yaran suna dariya. A nan aka ɗauki hoton da ya aika gida. Da za mu taso ya cika wata ƴar gora da ruwan tekun ya ba mu saƙo ga mahaifiyarsa. Da muka kai mata ta ɗanɗana da yatsa, ta tofar, ta tambaye mu ko da gaske duk yawansa haka yake da gishiri, ko dai daga bakin gaɓa ne kawai.